Manomin da Ya Zauna a Kujerar Matarsa

Akwai wani manomi da ake yabon dawarsa har ƙauyukan hayin rafi. Dabararsa ɗaya ce. Bayan girbi yakan zaɓi zangarnun da suka fi kyau, ya rataye su a rufin ɗakin girki, domin hayaƙi ya hana ƙwari cin irin. Don kada hayaƙin ya tafi a banza, sai ya toshe 'yar tagar ɗakin da laka, ya kuma ce a riƙa tura ƙofa in an hura wuta.

Sai da suka shekara bakwai da aure kafin Allah ya ba matarsa ciki. Murna ta cika mutumin nan. Ya hana ta ɗebo ruwa, ya hana ta daka, har tsintsiya yakan ƙwace daga hannunta. Amma girki kam tana nan tana yi a ɗakin nan, safe da yamma. Tari ya kama ta, kanta ba ya daina ciwo, idanunta suka yi ja wur. Ta ɓoye wa mijinta, gama ta san yadda yake ji da irinsa.

Ran nan tsohuwar ungozomar ƙauyen ta zo duba ta. Ta leƙa ɗakin girki, ta ja da baya, ta kira manomin.

"Ɗana, shiga ka zauna a kujerar matarka har ruwan tuwo ya tafasa."

Ya yi dariya ya ce, "Iya, wannan ma aiki ne?"

Ya shiga, aka tura ƙofa. Ruwa ko ɗumi bai yi ba sai ga gogan naka ya fito da rarrafe, hawaye da majina shaɓe-shaɓe, yana neman iska.

Tsohuwa ta ce, "Kai kaɗai ka shiga. Ita su biyu suke shiga, kuma abin da ta shaƙa, na cikin ba ya rasa rabonsa."

Tsoro da kunya suka rufe shi. Ya dubi matarsa ya ce, "Don me ba ki faɗa mini ba?"

Ta ce, "Maigida, ai ba ka tambaya ba."

A ranar ya fasa lakar tagar, ya kafa rumfa a tsakar gida, ya mai da murhu can inda iska ke ratsawa. A shekarar ƙwari sun ci wani sashe na irin, bai kuwa yi gunaguni ba. Tarin ya lafa. Da lokaci ya yi ta haifi 'ya mace mai ƙarfin murya, har maƙwabta suka san an yi baƙuwa ba tare da an aika musu ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, manomin nan ba mugu ba ne. Yana ƙaunar matarsa, sai dai bai taɓa zama inda take zama ba. Haka da yawa cikinmu muke, 'yan'uwa. Mukan yi addu'a Allah ya ba mu 'ya'ya, ya kuwa ba mu, sa'an nan mu bar uwar da gawayi a rufaffen ɗaki, ko janareta a gindin taga, ko hayaƙin taba a gefen gado. Numfashi kyautar Ubangiji ce, mu kuma aka ba amanar na gidanmu. Gyaran ba shi da wuya: a buɗe taga, a fitar da wuta waje. In kun koma gida yau, kada ku jira a kawo muku ƙara. Ku shiga ku zauna a kujerar.