Wanda Ya Gaji Hannun Sarkin Magina Tunau

An ce a zamanin da, tun ana auna girman birni da kaurin ganuwarsa, an yi wani Sarki adali a wata ƙasa mai yalwar dawa da auduga. Abin da fadarsa ta fi shahara da shi, shi ne wani babban soro inda ake zaman shari'a. Rufin soron ya tsaya ne bisa bakan gizo, wato ginshiƙan nan masu lanƙwasa da ake ɗaurawa da azara, a lulluɓe su da ƙasa. Wata shekara aka yi damina mai nauyi, soro ya tsage tun daga sama har ƙasa, har fadawa suka riƙa zama suna satar kallon rufi.

Sarki ya sa aka kira Sarkin Magina, wani dattijo mai suna Tunau. Aka shigo da shi ana jan sandarsa, domin tsufa ya riga ya cinye masa idanu. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, aikin yana nan a kaina, amma ƙafar da za ta hau gini da idon da zai duba sun riga ni tafiya."

To, a ƙasar akwai wata doka tun ta kakan Sarki, cewa ba mai yin rufin soro a cikin birni sai ɗan gidan Sarkin Magina. Tunau kuwa Allah bai ba shi ɗa namiji ba, sai ɗan ƙanensa Shekarau, mutum mai son babbar riga da zaman ƙofar fada. Aka ba Shekarau aikin. Ya sa aka kwaɓa ƙasa aka cusa a tsagar, aka shafe da makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, wuri ya yi sumul. Kasuwa ba ta sake ci ba sai ga tsaga ta buɗe, har ta fi ta da faɗi.

Ran Sarki ya ɓaci. Ya dubi Wazirinsa Ƙosau, ya ce, "Waziri, ashe ƙasa kamar tawa za ta rasa mai rufa mata soro? Tunau bai koya wa kowa ba ne duk tsawon rayuwarsa?"

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, ya koyar, kuma ya yaye da yawa. Amma da yake doka ta hana su aiki a nan, duk wanda aka yaye sai ya ɗaure kayansa. Wani ya zama babban falke, shi ke kawo azara daga kudu. Wani yana yi wa attajirai adon bango a garuruwan yamma. Gwaninsu kuwa, Jatau, shi ne yanzu shugaban maginan Sarkin gabas."

Sarki ya ce, "A aika da dakaru su zo mini da shi."

Waziri ya ce, "In aka yi haka, tsagar soro za ta koma tsagar zumunci tsakaninka da maƙwabcinka. Dukiya kuma ba za ta jawo shi ba, don yana da ita. A bar ni in gwada wata igiyar."

Da aka tashi daga fada, Waziri ya bi ta gidan Tunau don ya gaishe shi. Sai ya tarar da dattijon ya ja tabarmarsa gefe guda, an jera ƙore a tsakar ɗaki, azarar rufi ta yi baƙi don ruwan da ta sha. Ya fito, ya kira wani manzo, ya ce, "Je ka gabas, ka nemi Jatau magini. Kada ka ambaci Sarki, kada ka ambace ni. Ka ce masa kawai, ɗakin Tunau yana yoyo."

Manzo ya isa, ya sami Jatau a gindin wani babban gini, magina suna kai da kawo a ƙarƙashin umarninsa. Da ya ji saƙon sai hawaye suka cika masa ido. Ya nemi izinin Sarkinsa na rani guda, ya ɗebi yaransa na aiki, ya kama hanya. Da ya shigo birni bai nufi fada ba, sai gidan maigidansa. Ya durƙusa ya ce, "Baba, Jatau ne." Tunau ya lalubo kansa ya riƙe. Washegari da safe Jatau ya tuɓe rigarsa mai aiki, ya naɗe wando, ya shiga cikin ƙasa yana cuɗawa da ƙafa kamar sabon shiga. Suka kware rufin, suka sa sabuwar azara, suka rufe, suka kafa indararo.

Shekarau ya ga haka, ya ji tsoron kada sarautar da yake jira ta kuɓuce masa. Ya garzaya fada ya kai ƙara cewa baƙo ya yi rufin soro a cikin birni. Aka kira Jatau da Tunau, aka zauna a inuwar wata tsamiya, tun da ba mai yarda ya shiga soron.

Sarki ya ce wa Jatau, "Ka san dokar?"

Ya ce, "Na san ta, Allah ya ba ka nasara, ita ta fitar da ni daga garin nan. Amma mutumin da ya sa mini abinci a hannu har ƙarshen raina ba zai kwana ruwa na zuba masa ba ina da rai. Hukuncin da ya dace a yi mini."

Sarki ya shiga tsaka mai wuya. In ya hukunta Jatau, ya rasa mai gyara masa soro, ya kuma hukunta alheri. In ya ƙyale shi, ya taka dokar kakansa. Sai Waziri ya ce, "Zaki, doka ta ce ɗan gidan Sarkin Magina. Ba ta ce wanda aka haifa a gidan ba. A tambayi mai gidan yadda ake zama ɗa a wurinsa."

Tunau ya gyara zama, ya ce, "Ranka ya daɗe, uban Jatau manomi ne. Ya zo mini da shi da ƙwaryar goro, gaban shaidu, ya ce ga amana. Daga ranar cinsa da suturarsa da maganinsa suka dawo wuyana, ƙarfinsa kuma ya zama nawa. Ya fara da ɗiban ruwa. Da ya iya, na sa shi cuɗa ƙasa har ƙafafunsa suka yi kaushi. Daga nan ya shiga yin tubali, sa'an nan ya riƙa jefo mini su ina bisa bango, yana kallon yadda nake jerawa. Sai da ya shekara da yawa a haka na ce ya hau. Na rushe masa bango ba sau ɗaya ba, bai taɓa ɗaga mini ido ba. Ɗaurin azara shi ne na ƙarshe, don shi ne wanda in an kuskure ake rasa rai. Ranar da na yaye shi na tara magina, na ba shi gatari da igiya, na sa masa albarka. Shekarau ma na fara da shi haka, amma ran da ƙasa ta tsattsaga masa ƙafa ya tafi bai dawo ba."

Shekarau ya ce, "Duk da haka jinin Baffa ne a jikina."

Waziri ya ce, "Gaskiya ne, ba mai ƙwace maka wannan. Amma sarautar ta gini ce. Kowannenku ya tayar da ɗan bango a nan ƙofar fada, mu kawo Tunau ba tare da an gaya masa na wane ne ba, ya nuna mana wanda ya fito daga gidansa."

Aka yi haka. Da bangayen suka sha iska aka jawo dattijo. Ya shafa na farko, ya wuce. Ya ɗora tafinsa a na biyu, ya bi shi a hankali daga tushe zuwa sama, sai ya yi murmushi ya ce, "Wannan ai ni na gina shi, sai dai ban tuna yaushe ba." Bangon Jatau ne.

Sarki ya yanke hukunci cewa daga ranar duk wanda ya zauna gaban gwani ya koya har aka yaye shi, ɗan gidan ne, ko magini ne ko maƙeri ko marini. Ya sallami Jatau, ya roƙe shi gyaran soro. Jatau ya aika wa abokan koyonsa, falken ya zo da azara zaɓaɓɓiya, mai ado ya zo da yaransa. Tunau yana zaune a inuwa, ba a ɗaura komai sai an zo an gaya masa. Kafin hadarin farko soro ya tsaya, ya fi na da kyau.

Ranar da aka koma zama a ciki, Sarki ya sa aka shimfiɗa wa Tunau buzu kusa da shi, ya ce, "Sarkin Magina, mun gode. Ka shuka, muka kore amfanin zuwa gonar wasu, ga shi albarkacinka ya dawo mana." Sa'an nan ya ce zai naɗa Jatau magajin sarautar.

Jatau ya faɗi ya yi godiya, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, na yi wa Sarkin gabas alkawarin komawa. Amma ina da roƙo. Abin da ke hannuna daga gidan nan na ɗauke shi, ina so in mayar. A ba ni Shekarau, in ya yarda."

Shekarau ya daɗe kansa a sunkuye, sa'an nan ya ce, "Baffa, ban yi girma da ɗiban ruwa ba?"

Tunau ya ce, "Tulu bai san shekarun mai ɗaukarsa ba, ɗana. Je ka."

Haka Shekarau ya bi ayarin Jatau a ƙasa, da kayan aiki a kansa. Ya ɗebi ruwa, ya cuɗa ƙasa, aka rushe masa bango ya sake. Bayan shekaru ya dawo da gatari da igiya, da furfura a gemunsa, Sarki ya naɗa shi Sarkin Magina, ba wanda ya ce bai cancanta ba. Tunau bai ga ranar ba, amma kafin a ɗaura rawanin sai da Shekarau ya roƙi jama'a su yi wa mutum biyu addu'a, wanda ya bar masa gida da wanda ya koya masa aiki. Masu ba da labari sun ce tun daga lokacin ba a sake jin wata sana'a ta mutu da mai ita a ƙasar nan ba.