Eriyar da Baƙo Ya Dasa da Siminti

Akwai wani magini a Malbaza ana ce masa Baƙo. Shekara goma sha biyu yana aiki a masana'antar siminti, kuma a wajensa duk abin da ke motsi ba a yi shi da kyau ba ne. Turken akuya, murhun matarsa Shatu, har gindin randa, duk sai da ya zuba musu siminti. In ya gama sai ya kai wa abin naushi, ya ɗaga haɓa, ya ce da murya kamar daga cikin tulu: "Wanga? Sai jikoki!"

Ita kuwa Shatu mace ce mai son sanin yadda abu yake aiki. Rediyo ya mutu, sai ta buɗe bayansa ta leƙa. Baƙo kan ce tambayarta ta fi ta jandarma yawa.

A shekarar dubu biyu da shida aka zaɓi ƙanen Baƙo, Muttaƙa, cikin 'yan kokawar da za su wakilci jihar Tawa a gasar ƙasa. Garin da za a yi gasar tafiyar kwana biyu ne a mota, amma za a nuna ta a tele, wato talabijin.

Mahaifiyarsu, Inna Larai, ba ta taɓa ganin Muttaƙa yana kokawa ba. Ba ta zuwa fili. A ganinta abin kunya ne uwa ta tsaya cikin mutane tana kallon ɗanta ana yi masa kirari. Da labarin zaɓen ya zo, sai da Shatu ta kawo mata fura sannan Inna ta ce, idonta na kan ƙwarya:

"Akwatin ga da anka ce, in an rufe ƙofa, na ciki suna ganin mai kallo?"

"A'a Inna, ke kaɗai ke ganinsu."

"To."

Wannan "to" ɗin ya ishi Baƙo. Washegari ya dawo daga Ƙonni da tele a kan babur, ya ajiye ta a ɗakin Inna. Saura eriya, wato anten kamar yadda ake ce mata a can.

Maƙwabcinsu Tanimun ya ba shi shawara ya kira Malam Abarshi, mai gyaran tele da ke zuwa daga Ƙonni. Shi ya ɗaura ta gidan Tanimun. Baƙo ya leƙa ta saman katanga, ya ga wata 'yar guntuwar eriya mai haƙora kamar matajin kai, ya tuntsire da dariya.

"Wanga tsinken sakace? Mutum ya taso tun daga Ƙonni don shi ɗaura matsefi! Tanimun, ka zo jibi ka ga anten."

A gaban Malam Abarshi ya faɗa, don ranar yana gidan Tanimun yana duba waya. Ɗan siririn dattijo ne mai tabarau ɗaure da zare. Ya ɗago kai ya ce a hankali, "Allah shi ba da sa'a. Amma kafin ka ɗaure, ka..."

"Malam, ni nike ɗaure gini. Ka bar min ɗauri."

Malam Abarshi ya koma kan wayarsa.

Jama'a, da kun ga abin da Baƙo ya ƙera! Ya haɗa bututun ƙarfe uku aka yi masa walda, tsawonsu ya wuce bishiyar dogon yaro ta ƙofar gida. A ƙoli ya ɗaura gargaren keke, murafun tukunya biyu na Shatu, da wani faranti da Inna ta daɗe tana cigiya. Ya jawo wayar kuran, wato ta wutar lantarki, mai ƙulli huɗu har ɗaki. Maza shida suka ɗaga masa ƙarfen suka saka a rami, Baƙo na juya shi yana ƙwala kira:

"Shatu! Ya fito?"

Shatu na gaban tele. Da fari ba komai sai "shuuu", allon kamar an watsa gero. Can sai ga wani mutum da babbar riga, tas, har ana ganin zanen hularsa.

"Ya fito!"

"Ku riƙe nan! Kada wanda ya numfasa!"

Kafin Shatu ta fito daga ɗaki, an kwaɓa siminti an cika ramin. Baƙo ya shafe samansa sumul, ya rubuta sunansa da tsinke.

Wani abu dai ya tsaya wa Shatu a rai. Mutumin da ta gani a tele naira yake ta ambata, kuma ba ta ji ko kalma ɗaya ta Faransanci ba. Ta ɗauki mayafi ta shiga wajen Zuwaira, matar Tanimun, wai aron maburgi. Ba maburgi ya kai ta ba. Gindin 'yar eriyar nan ta je ta tsuguna.

Ta ga ba a dasa ta ba. An zura ta cikin wani bututu mai faɗi, an matse da noti. A jikin bututun an ɗiga fenti biyu, ja da fari.

"Zuwaira, mi ne ne wanga ɗigo?"

"Ja na Sakkwato, fari na Yamai. In Tanimun na son wasan kwaikwayo na Najeriya, shi kwance noti shi juya kan ja. In labarun ƙasa, kan fari. Malam ya ce ba daga gefe guda suke zuwa ba. Tamu ta wajen Ƙonni take biyowa, tasu daga kudu."

"To kokawa fa?"

"Fari mana."

Shatu ta dawo ba maburgi. Ta iske Baƙo yana yayyafa wa simintinsa ruwa kamar mai renon shuka.

"Maigida, antenmu ina ta dosa?"

"Sama."

"A'a, ina nufin fuskarta. Zuwaira ta ce..."

"Zuwaira! Yanzu Zuwaira ta zama injiniya? Hoto ya fito ko bai fito ba?"

"Ya fito, amma..."

"Shi ke nan. Tashar Yamai ba su buɗe da wuri, shi ya sa. Ranar kokawa za ki gani."

Ranar ta zo. Rediyo ya sanar da cewa bayan la'asar 'yan Tawa za su kara, kuma Muttaƙa na cikin na farko-farko. In aka kayar da shi, ya fita daga neman takobin da ake ba zakaran gasar, ba lalle a sake nuno shi ba.

Inna Larai ta yi wanka, ta ɗaura zanen da take zuwa Idi da shi, ta sa aka sakaya ƙofa. Baƙo ya kunna tele yana murmushi. Sai ga hoto tangaran: wani malamin gona a Sakkwato yana bayanin yadda ake kiwon kaji. Ya murɗa zuwa tashar ƙasa. Shuuu. Ya koma. Kaji. Ya sake murɗawa. Shuuu. Ta katanga kuwa ana jiyo gangunan kokawa daga telen Tanimun.

Baƙo ya fita da gudu ya rungumi ƙarfensa zai juya. Ina! Ya kira maza huɗu daga titi, suka sa ƙarfi har jijiyoyin wuya suka fito. Murafun tukunya suka yi ƙarar "kwal-kwal" a sama, amma gindin ko gezau. Ɗaya daga cikinsu ya share gumi ya ce, "Gaskiya Baƙo, ka iya aiki. Wanga sai jikoki."

Ba wanda ya yi dariya sai Shatu, ita ma cikin mayafi.

Baƙo ya koma ɗaki ya durƙusa. "Inna, mu shiga gidan Tanimun. Nan da nan ne."

"Mutum nawa ke can?"

"Ba su fi... arba'in ba."

Inna ta kai hannu ka. Ta fara kwance ɗankwalin Idinta tana ninkewa, a hankali, kusurwa kan kusurwa. Shatu ta ga fuskar mijinta ta canza. Ta matso ta ce ƙasa-ƙasa, "Malam Abarshi na gidan Tanimun. Na ga babur ɗinsa."

Baƙo ya tsaya kamar an zuba masa nasa simintin. Sannan ya fita. Shatu ta bi shi har bakin katanga don kunnenta ya shaida. Muryar tulun nan ta koma siririya kamar ta ɗan akuya:

"Malam... don Allah... tsohuwa ce."

Malam Abarshi bai tuna masa da matsefi ba. Ya ciro wata 'yar eriya daga buhunsa da naɗin waya baƙa mai kauri, ya shigo. Ya ɗaga kai ya kalli ginin Baƙo har tabarau ya zame.

"Tsawo ya yi. Amma ba tsawo take so ba, fuska take so. Wayar nan kuma ta kuran ce, kowane ƙulli yana shanye hoto. Abin da na so in ce maka ran nan, kada ka ɗaure sai ka ga tashar da kake nema."

Ya jona sabuwar waya, ya sa tsani, ya miƙa wa Baƙo eriyar. "Babu lokacin kafa ta. Hau saman ɗaki ka riƙe. Fuskanci Ƙonni. Uwargida, ke ce idonmu."

Shatu ta tsaya a bakin ƙofa, ido ɗaya a tele, ɗaya a sama.

"Dama kaɗan! Ya tafi! Koma! Ƙara... tsaya! Kada ka numfasa, maigida!"

Ganguna suka cika ɗakin. Ga fili, ga yashi, ga Muttaƙa da layu a damtse yana taku. Inna Larai ta mayar da ɗankwalinta ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashi. Aka kama, aka yi ta juyi, aka rabu, aka sake kamawa. Daga sama Baƙo na kira, "Mi anka yi? Shatu! Wa ke sama?" Duk sanda ya waiwayo, hoto ya ɗauke, sai Inna da kanta ta daka tsawa, "Kai, tsaya wuri guda!"

Can sai unguwa ta ɗauki ihu. Muttaƙa ya ɗaga abokin karawarsa ya shimfiɗa. Inna ta rufe baki da tafin hannu, hawaye na bin yatsunta. Da ta samu magana, abin da ta ce kawai shi ne, "Ashe haka yake tsayuwa. Irin ta ubansa."

Baƙo ya sauko, bai ga ko ƙyallin kokawar ƙanensa ba. Malam Abarshi ya ƙwanƙwasa simintin da ƙafa ya ce, "Gindi kam ban taɓa ganin irinsa ba. Gobe ka zuba min wani, amma bututu za mu dasa, mu bar eriyar tana juyawa."

Baƙo ya ce, "Shatu, kawo fenti. Ke kin san inda za a ɗiga."

Dogon ƙarfen yana nan har yau. Igiyar shanya aka ɗaura masa, kuma murafun tukunyar Shatu suna can sama, sun fuskanci Sakkwato.

Darasi: Iya aikinka bai sa ka iya na wani ba. Kafin ka ɗaure abu yadda ba zai kwantu ba, saurari wanda ya san shi, kuma kada ka raina mai tambaya ko da a cikin gidanka yake. Ku tura wa duk wani Baƙo da kuka sani, tun bai kwaɓa siminti ba.