Ramukan da Manomi Ya Gani a Gaban Bagadi

An yi wani manomi, dattijon ikilisiya, wanda majami'ar ƙauyensu take ta raguwa. Har 'ya'yan cikinsa sun daina zuwa, abin yana cinsa a rai. Da ya kai doya kudu, wani birni a bakin teku, sai aka nuna masa tsohuwar majami'ar Metodis wadda ta girmi kakansa, har yau kuwa ranar Lahadi ba masaka tsinke. Ya ce a ransa, "Bari in gano asirinsu."

Ya shiga ran Talata da rana tsaka, ba kowa. Iskar gishiri ta cinye ƙarafan tagogi, ba a jin komai sai numfashin teku. A gaban bagadi, kan dogon katakon da ake durƙusawa a karɓi Jibin Ubangiji, ya ga ramuka bibbiyu a jere, sumul. Ya sa tafin hannu cikin ɗaya, ya ji shi da ɗumi, kamar yanzun nan wani ya bar wurin. Ya waiga, kujeru ne kawai. Amma mutumin naku, maimakon ya durƙusa, sai ya gwada faɗin ramukan da yatsu, ya fice da sauri.

Yana isa gida ya sa kafinta ya fafe irinsu a sabon katako, aka goge har suna sheƙi, aka kafa shi a gaban bagadin majami'arsu.

Ranar Lahadi 'yan mutanen da suka rage suka tsaya cirko-cirko. Wata tsohuwa ta ja da baya, ta ce, "Dattijo, su wa suka durƙusa nan, mu ba mu gan su ba?" Ba wanda ya yarda ya matsa.

Da yamma 'yarsa ta leƙo ganin abin da ake ta magana a kai. Ta ce, "Baba, na can ɗin ma kafinta ne ya yi?"

Sai a lokacin ya gane gwiwoyi ne suka ci wancan katako.

Ta ce a hankali, "Ni tun da na yi wayo ban taɓa ganin gwiwarka a ƙasa ba."

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin. Ramukan nan addu'ar waɗanda suka riga mu ce, shekara da shekaru, wadda ba kafintan da zai sassaƙa. Manomin kuwa mu ne, muna kwaikwayon alamar ibada, ibadar kanta mun bar ta. Kana kukan 'ya'yanka sun guje wa Ubangiji? In ka koma gida yau ka durƙusa, ka kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya a gabansa.