Ila da Gawon Shamuwa

Ila jikana ne, ɗan babban ɗana. Yana da ƙarfi, yana da kirki, ba ya ƙarya, ba ya taɓa kayan mutane. Aibinsa ɗaya ne, gaggawa. Tun yana ƙarami bai taɓa jira tuwo ya huce ba. Da ya girma ya yi aure, sai ya kama haƙar tsakuwa a ƙoramar da ke bayan ƙauyenmu, kusa da Gangara. Yana haƙa yana tankaɗewa, masu kamiyo, wato manyan motoci, suna zuwa daga Tanout su kwasa don gini.

Masu wannan aiki a garinmu suna da ƙa'ida tun kafin a haife shi. Ana ɗibar tsakuwa can ƙasa, a tsakiyar ƙorama, inda ruwa ke tara sabuwa kowace damina. Ba a taɓa gaɓa, balle wurin da babban gawo yake. Saiwoyinsa ne ke riƙe da ƙasar, kuma a kansa shamuwa ke yin sheƙa. Da sun sauka mun san ruwa ya kusa, sai a fito da iri. In gero ya tsiro, su ne ke bin gonaki suna cinye fara. Gonar gidanmu tana bayan gawon nan daidai.

To, wurin ɗiba yana da nisa, kuma kamiyo ba ya shiga rairayi, sai an yi jigila da amalanken jaki. Gindin gawo kuwa a bakin hanya yake. Wata bazara, shamuwa sun riga sun sauka, aka ce mini Ila ya kafa diga a wurin. Na ɗauki sandata na tafi.

"Maigida, me kake nema a gindin gawo?"

Ya share zufa yana dariya. "Amarya, kewata ce ta fito da ke cikin ranar nan?"

"Wa zai yi kewar miji mai kunnen ƙashi? Ka ɗaga kai ka ga masu gida. Ƙwai suke kwanci."

"Ban taɓa musu reshe ko ɗaya ba. Ƙasa nake haƙa, su suna sama."

"Saman a kan me yake tsaye?"

"Kaka, kwana uku kawai. Mai kamiyo ya ce ba zai jira jaki ba."

"Shi ba ya kwana garin nan. Kai kana kwana."

Ya ce to, ya raka ni har gida yana riƙe mini sanda. Washegari ya koma. Kwana ukun suka zama sati uku. Ya yi rami ya fi tsayin mutum, saiwar da ta tare masa hanya ya sa gatari ya sare.

Ruwan farko da na biyu ba su yi komai ba, har yana tsokanata. Na uku ya sauka wata Talata da azahar. Ƙorama ta kawo, ta shiga ramin, ta yi ta cin gaɓa ta ƙarƙashi. Kafin la'asar gawo ya kwanta. Na je na gani da idona. Sheƙa goma sha ɗaya a cikin ruwa, da 'ya'yan da ba su yi gashi ba, iyayen suna ta kewaya wurin. Ruwa ya bi ta inda gaɓa ta buɗe, ya yanke gefen gonarmu.

Ila yana tsaye, laka har gwiwa, riƙe da ɗan shamuwa ɗaya da ya mutu. Na zo da faɗa cike da bakina, amma da na ga fuskarsa sai na fasa. Na ce masa kawai, "Binne shi, ka zo ka ci abinci."

Shekara ta kewayo, shamuwa ba su sauka garinmu ba. Fara ta faɗa wa gero tun yana ƙarami, sai da muka sake shuka sau biyu. Babu wanda ya zagi Ila, amma ya daina zama a dandali.

Wata safiya ya durƙusa a ƙofar ɗakina.

"Kaka, yaya ake dawo da shamuwa?"

"Da abin da ba ka da shi. Haƙuri."

Ya yi abin da na ce. Rani guda yana kwasar duwatsu da amalanke yana cike ramin. Ya dasa 'ya'yan gawo bakwai a gaɓa, ya kewaye su da ƙaya saboda awaki, huɗu suka rayu. Tun da gawo ba ya girma a shekara ɗaya, matarsa Halimatu ta saƙa manyan kwanduna uku, ya hau aduwar da ke kusa ya ɗaure su, ya zuba ƙirare a ciki don shamuwa su samu wurin sheƙa. Ya koma ɗiba can ƙasa da jakinsa. Duk mai kamiyon da ya ƙi jira, Ila yakan ce masa ya kama hanya.

Bazara ɗaya ta wuce, kwanduna babu kowa. A ta biyu ya shigo gida da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Amarya, tashi. Biyu sun sauka."

Na ce, "Sai ka jira in gama furata."

Ya zauna a ƙasa ya jira, har na sha ta duka. Wannan zaman ya fi faranta mini rai a kan shamuwar.

Ku masu haƙar tsakuwa, ban ce ku bar sana'arku ba, da ita ake gina ɗakin karatu da asibiti. Amma ku ɗiba inda ruwa ke mayarwa, ku bar gaɓa da itatuwanta, ku cike ramin da kuka haƙa, kuma kada ku kusanci wurin da tsuntsu ke kwanci. Ila ya kayar da gawon cikin sati uku, ni kuwa ba zan ga sabbin sun yi inuwa ba. Duk wanda sauri ya sa ya rushe gidan wata halitta, ya sani gidansa ne na gaba.