Man Shanu a Soron Iya Tabawa

An ce wai an yi wani sarki da bazara ta gasa garinsa shekara uku a jere, har tsofaffi suka riƙa suma a cikin ɗakunansu. Abin ya dame shi, sai ya kira Wambai ya ce, "A zaga gari a kasa gidaje kashi uku. Mai lafiya a shafa masa farar ƙasa a ƙofa, mai neman gyara a shafa masa ja. Wanda kuwa ke azabtar da masu shi, a zana masa gawayi, a rushe shi kafin damina, ni zan sake ginawa."

Wambai mutum ne mai son abin da ya yi kyau a ido. Daga bakin hanya yake duban gida ya yanke masa hukunci: sabon gini mai zane a fuska ya sha fari, tsoho mai tsaga ya sha baƙi. Ko zaure ɗaya bai leƙa ba, wai shi nan ya gama aiki.

Rushewar kuwa aikin Barau ne, Sarkin Magina. Ranar da ya iso gidan Iya Tabawa ya ga gawayi a ƙofa, sai ya dakata. Marigayi mijinta ne ya koya masa mulmula tubali, kuma marigayin ne ya gina soron nan da kansa. Tsohuwa ta ja shi ciki, ta nuna masa shatin tafin hannun mijinta a jikin bango, kusa da shimfiɗarta.

Ta ce, "Barau, ɗana, shekara goma sha ɗaya ke nan ina kwana kusa da hannun nan. In rushewa za ku yi, ku yi mini haƙuri in riga soron tafiya."

 Barau yana tsaye a ɗakin ya lura da wani abu: ga rana ta take tsaka, ga gumin da ya shigo da shi ya bushe.

Ya tafi fada, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya kai kukanta. Sarki ya ce, "Ta ba ni tausayi, Sarkin Magina. Amma maganar da na yi a bainar jama'a, in na janye ta yau don mutum ɗaya, gobe ɗari za su zo."

Barau ya ce, "Ranka ya daɗe, kada a janye ta. Cewa ka yi a rushe gidan da ke azabtar da masu shi, ba ka ce mummuna ba. A bar ɗakunan su ba da shaida da kansu."

Washegari da hantsi aka sayo man shanu curi-curi, daidai wa daida, aka sa a ƙoƙuna, aka ajiye a ɗaki goma masu fari da goma masu baƙi, aka ja ƙofofi. La'asar na yi aka kwaso. Na sababbin gidaje masu siririn bango ya narke sai ka ce miya, har da na ɗakin Wambai, wanda ya tsaya yana sosa ƙeya. Na soron Iya Tabawa kuwa yana nan da curinsa, da shatin yatsan Bafulatanar da ta mulmula shi.

Sarki ya daɗe yana duban ƙoƙon, sannan ya ce, "A sake kasawa. A auna kaurin bango, a duba inda taga ta fuskanta, a tambayi mai kwana a ciki."

Soron tsohuwa jar ƙasa ya samu, don yaɓe kawai yake nema da sabon indararo. Barau bai wakilta kowa ba, shi ya kwaɓa ƙasar, shi ya yaɓe waje da ciki. Da ya zo wurin shatin nan sai ya kewaye shi, ya ɗora tafinsa a kai a hankali, Iya Tabawa na kallo tana share ido da bakin mayafi. Har yanzu hannun maigidansa ya fi nasa girma.

Saboda haka, duk wanda aka ba hukunci a kan gidan wani, ya shiga ya zauna tukuna. Fuskar gida ta masu wucewa ce, gaskiyarsa tana wurin mai kwana a ciki.