Kada Ki Zuba Sai Ya Zauna

Akwai wani saurayi a Madina, sunansa Yazid. A nan aka haife shi, a nan ya girma. Hausa yana jin ta tsaf, amma in ka yi masa magana da ita, rabin amsar da Larabci za ta dawo maka.

Yazid yana da shafi a waya, mabiyansa sun haura dubu tamanin. Abu ɗaya ya sa a gaba: ramen, taliyar nan ta mutanen Japan da ake ci cikin romo mai zafi. Yakan bi gidajen abinci ɗaya bayan ɗaya, ya jingina waya a gaban kwano, ya ɗanɗana, ya ba da maki.

Babu gidan ramen ɗin da bai sani ba. Akwai wani a unguwar Sultana mai romon kaza fari kamar madara, ya ba shi takwas. Akwai na hanyar Ƙuba mai yaji, wanda sai ka ci kana share gumi, ya ba shi bakwai. Na cikin wani babban kanti kuwa, a gaban mai dafawa ya ture kwanon, ya ce wannan ruwan wankin tukunya ne. Bidiyon ya yi yawo. Wurin bai ƙara wata uku ba aka rufe shi.

Ya yi jerin wurare goma mafiya kyau, amma ya bar na ɗaya babu suna. In an tambaye shi sai ya ce, "Har yau ba a dafa wanda ya cancanta ba."

Kuma a kowane bidiyo sai ya maimaita sharuɗɗansa uku. Romo na ƙashi ne, a ɗora shi tun asuba har magariba, ana kwashe kumfa. Taliya da ruwan wani gishiri mai kaifi ake kwaɓa ta, shi ke sa ta yi rawaya, ta yi tauri a haƙori. Na uku shi ya fi nanatawa: ba a zuba taliya a ruwa sai mai ci ya zauna. Wanda ya dafa ta tun kafin baƙo ya zauna, in ji Yazid, ya raina baƙon.

Mahaifinsa Malam Abdussamad daga Chadi ya zo tun yana matashi. Shekara talatin ya yi a wani gidan abinci kusa da Bi'ir Ali, inda alhazai ke ɗaura harami, yana dafa wa direbobin motocin alhazai farfesun ƙafar saniya. Ƙamshin ɓargo ya kama tufafinsa, ya kama har gemunsa. Tun yana makaranta Yazid yake jin kunyar wannan ƙamshi. Da mahaifiyarsu ta rasu sai ya kama haya a Sultana, ya bar tsohon a gida da Sundus, yayar Yazid ɗin, wadda yake kira Abla.

Ciwon zuciya ya sa Malam Abdussamad ya ajiye aiki. Tunda ɗansa ba ya zuwa, sai ya koma ganinsa a waya. Kowane bidiyo sai ya kalla sau uku, sau huɗu, yana matso da wayar kusa da ido.

Wata Laraba ya kira shi.

"Yazidu, na kalli abin naka."

"Tayyib, yaba," in ji shi da Larabci, wato "to, Baba."

"Romon nan da kake ta yabo, ai aikina ne shekara talatin. Ƙashi ne da ruwa da tsayuwa. Shi kuma ruwan da ake kwaɓa taliyar, na sa Sundus ta karanta mini bayaninsa. Ai ɗan'uwan kanwa ne."

Yazid ya yi dariya har ya tari. "Kanwa, yaba? Wadda ake ba awaki su lasa?"

"Ita fa. Injin murza taliya na uwarku yana nan, na goge masa tsatsa. Ka zo Juma'a bayan magariba. Ka ba ni maki, ko biyu ne na karɓa."

"In sha Allah."

Duk wanda ya zauna a Madina ya san irin wannan in sha Allah. Tsohon ma ya sani. Amma ranar Alhamis ya aiki Sundus mahauta ta sayo ƙashi.

Juma'ar farko Yazid yana ɗaukar bidiyo a wani sabon wuri. Ta biyu ya manta. Ta uku ya tuna, ya dubi agogo, ya juya ya ci gaba da barcinsa na yamma.

Ranar Alhamis ta huɗu Sundus ta zo har ƙofar ɗakinsa a Sultana. Ba ta shiga ba, ko jakarta ba ta ajiye ba.

"Sau uku ke nan maƙwabta suna shanye romonka da burodi," in ji ta.

"To ai bai ɓaci ba, Abla. Taliyar fa, ta yi daɗi?"

"Ba wanda ya sani. Bai zuba ba. Ya ce kai ka ce ba a zubawa sai mai ci ya zauna. A faifai take kwana ta bushe, in zubar wa tattabaru."

Yazid ya kau da kai.

"Jiya muka dawo daga asibiti," ta ci gaba. "Likita ya ce zuciyar saura kaɗan take aiki. Ya ce kada ya tsaya a gaban wuta ko na minti goma. Shi kuwa tun asuba har magariba yana kan tukunyar nan da ludayi."

"Ku hana shi mana."

"Kai ka taɓa hana shi wani abu ya hanu? Sau ɗaya kawai za ka zo ka ci, ya daina. Duk Juma'ar da ba ka zo ba, kai ka tsayar da shi."

"Abla, ki fahimce ni. Mutum dubu tamanin ke kallona. Ba zan sa farfesun direbobi a shafina ba."

Ta kalle shi.

"Wa ya ce ka sa? Cewa aka yi ka zauna."

Maganar ta shige shi. Ya ce mata gobe zai zo, wallahi zai zo. Kuma har ransa ya faɗa.

Sai dai da yammar nan saƙo ya shigo masa. An buɗe wani wuri a Jidda, mai dafawar daga Japan aka kawo shi, kwano arba'in kawai yake yi a rana, kuma an ajiye wa Yazid kujera bayan sallar Juma'a. Ya lissafa: jirgin ƙasa awa biyu ne zuwa, awa biyu dawowa. Zai ci na gaskiya da rana, ya dawo da magariba ya taɓa na tsoho don a zauna lafiya.

Da safe, tun bai shiga jirgi ba, Sundus ta turo saƙo uku na tuni. Ya yi tsaki ya rufe layin, ya bar wayar don ɗaukar hoto kawai.

Ramen ɗin Jidda ya yi kyau. Ya ba shi tara. Ya tsaya ya yi hira da mai dafawar, ya ɗauki hoton tururi daga gefe, ya ɗauka daga sama. Sai da ya zauna a tasha, wajen ƙarfe biyar saura, sannan ya buɗe layin.

Wayar ta yi ta rawa a hannunsa kamar ba za ta tsaya ba. Kira talatin da ɗaya. Ya fara sauraron saƙonnin daga na farko.

"Yazid, Baba ya faɗi a gaban tukunya. Muna hanyar asibiti."

"Yazid, ka ɗauka, don Allah."

Na uku babu magana, numfashin Sundus kawai, da muryar wata mata daga nesa tana salati.

Na ƙarshe daga Ammu Osman ne, maƙwabcinsu ɗan Sudan, aminin mahaifinsa. Muryarsa a kwance take. "Ɗana, Allah ya karɓi abinsa. Na bi takardu, an yi masa wanka. Za a sallace shi a Harami, Masallacin Annabi, bayan La'asar. Ka san a garin nan ba a jiran kowa."

Yazid ya dubi agogo. An daɗe da idar da La'asar.

Awa biyun nan a jirgi bai yi kuka ba. Yana ta kallon duwatsu baƙaƙe suna wucewa ta taga, ɗanɗanon romon Jidda na nan a harshensa, ya sha ruwa gora biyu bai fita ba.

Ya isa unguwarsu ana fitowa daga sallar magariba, daidai lokacin da aka gayyace shi. An jera kujeru a ƙofar gida, maza na zaune suna karɓar gaisuwa. Ammu Osman ya tashi ya dafa kafaɗarsa.

"Allah ya ba ka haƙuri. Ni na shiga kabarin, da wani direba da babanka ya daɗe yana ciyarwa. Wurinka ne, amma ba ka nan. Shiga, yayarka na jiranka."

Tun daga zaure ƙamshin ya tare shi. Ƙamshin nan na tufafin mahaifinsa, na gemunsa. A madafa Sundus na zaune a ƙasa, idanunta sun kumbura. Tukunya na kan wuta 'yar ƙarama, tana tafasa a hankali.

"Ba ki kashe ba?" ya tambaya.

"A cikin motar asibiti ya kama hannuna. Na ɗauka wasiyya zai yi. Sai ya ce, 'Ki sa a rage wutar, kada a kashe. A riƙa kwashe kumfa. Kuma kada ki zuba sai ya zauna.' Matar Ammu Osman ta tsare ta har na dawo." Ta nuna masa tabarma. "Zauna."

"Ba zan iya ci ba, Abla."

"Sati huɗu yana jira. Zauna."

Ya zauna.

Ta yaye farin ƙyalle daga kan faifai. Taliyar na nan a naɗe ƙulli-ƙulli, rawaya, an barbaɗa mata gari. Da safen nan hannun mahaifinsa ya murza ta. Ta zuba ƙulli ɗaya a ruwan zafi, ta tsaya tana kallon agogo, minti biyu, yadda Yazid ya koyar a bidiyo. Sannan ta ɗauko wani baƙin kwano mai zurfi wanda bai taɓa gani a gidan ba, da 'yan sanduna biyu ko cire su daga leda ba a yi ba.

Romon fari ne, mai kauri, yana kama leɓe. Ƙwan da aka raba biyu gwaiduwarsa ba ta daskare ba. Taliyar ta yi tauri a haƙori yadda ake so. Kanwa ta yi aikinta.

Harshensa ya saba neman aibi, don haka ya nema. Ya nema a loma ta farko, ya nema a ta biyu. Da ya samu ko ɗaya, da ya ji sauƙi. Bai samu ba.

Sundus tana tsaye a kansa har ya kusa gamawa.

"Nawa ka ba shi?" in ji ta. "Ya ce ko biyu ne ya karɓa."

A nan ne kukan ya zo. Ya kifa fuskarsa a kan kwanon, kafaɗunsa na girgiza. Ita kuma ta miƙa hannu ta kashe wutar.

Washegari bayan asuba, da aka buɗe ƙofar maƙabartar Baƙi'a, Ammu Osman ya raka shi. Sun yi tafiya mai nisa a tsakanin kaburbura. A Baƙi'a ba a rubuta suna. Tudun ƙasa ne da ɗan dutse, sai wani tudun da ɗan dutse, har iyakar gani, tattabaru na sauka suna tashi.

Dattijon ya tsaya a wani layi da ƙasarsa ba ta gama bushewa ba. Ya duba dama, ya duba hagu.

"Mutum goma sha ɗaya aka kawo jiya da La'asar, ga cunkoso," in ji shi. "Ko wannan ne, ko na gefensa, ko wancan. Ban riƙe ba, ɗana. Ka yi musu addu'a duka."

Yazid, wanda ya san ƙofar kowane gidan ramen daga Madina har Jidda, ya tsaya da hannu a ɗage, bai san inda zai fuskanta ba.

Bidiyon Jidda bai taɓa fitowa ba. Bayan sati biyu mabiyansa suka ga ya cike gurbin na ɗaya a jerinsa. Ya rubuta: "Na Malam Abdussamad, bayan Bi'ir Ali." Babu hoto, babu maki.

Mutane suka yi ta tambaya. Ina wurin yake? Ƙarfe nawa ake buɗewa? Ana ajiye kujera?

Amsa ɗaya ya ba su duka.

"An rufe. Sau huɗu aka buɗe shi saboda mutum ɗaya, bai zo ba."

Darasi: Kada ka raina abin da iyayenka suka iya don kawai an sa wa irinsa suna a wata ƙasa. In tsohonka ya kira ka cin abinci, ba yabonka yake nema ba, so yake ya ga ka zauna a gabansa. Gidajen abinci suna nan gobe. Shi ba ka da tabbas. In naka suna raye, ka je yau, ka zauna, ka ci ko ba ka jin yunwa. Mu da namu suka tafi, addu'a ce kaɗai ta rage mana mu kai musu. Ku tura wa wanda kuka san ana jiransa a gida.