Nomau da Tulun Irin Albasa

An yi wani mutum a wani gari, can zamanin kakanni, ana ce masa Nomau. Ba malami ba ne, ba mai sarauta ba ne, bawan Allah ne kawai mai kaushin hannu.

Mutanen garin suna da lambu guda a bakin fadama, na kowa da kowa. Tare suke shinge, tare suke ban ruwa, in albasa ta nuna a raba gida-gida. Al'adarsu kuwa, duk shekara sai a bar wani sashe ya yi fure, a tara irin a tulu, a liƙe bakin da laka, a danƙa wa mutum ɗaya ya ajiye har damina ta wuce. Wannan tulu shi ne cefanen gari na baɗi. A hannun Nomau yake, shekara da shekaru.

To, ku saurara. Wata damina aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ɗakin Nomau ya yi yoyo, danshi ya ratsa tulun, bai sani ba. Da kaka ta yi, ya fasa lakar, ya ga irin nan baƙi wuluk kamar kullum, sai dai hancinsa bai yarda da shi ba. Ya ɗebi kaɗan, ya ƙulle a jiƙaƙƙen tsumma, ya jira. Ko ɗaya bai tsira ba. Ya sake, haka.

Matarsa Tabawa ta ce, "Malam, rufa mana asiri. Wa zai gane? A ido lafiyarsa lau. Ka kai musu a yafa, in bai fito ba a ce ƙasa ce, ko tsuntsaye."

Ya ce, "Kafin su gane, lokacin yafi ya wuce, Tabawa."

"Za su ci mutuncinka a bainar jama'a."

"Mutuncina ba a miya da shi. Albasa ake sa wa."

Jama'a, kada ku zagi Tabawa. Wallahi da yawanmu nan shawarar da za mu ba kanmu ke nan.

Ranar da aka taru gyaran shinge, Nomau ya zo da tulu a ka, ya dire a gaban Sarkin Noma. Ya ce, "Ranka ya daɗe, irin nan ya mutu. A hannuna ya mutu. Na ga ɗakina yana neman gyara tun bazara, na yi ta cewa gobe. Kada kowa ya yafa shi."

Wuri ya kaure. Wani ya ce an ba kura ajiyar nama, sayarwa ya yi ya cika tulun da tsohon iri. Wanda ko kaza ba a taɓa ba shi ajiya ba, shi ya fi kowa ɗaga murya. Nan take aka karɓe ajiyar daga hannun Nomau.

Amma da yake ya faɗa da wuri, aka tashi mutane zuwa ƙauyukan maƙwabta, aka samo iri, aka yafa a kan kari. Shekarar nan lambu ya yi kyau. Nomau kuwa kullum yana bakin rijiya yana jan guga, ana wuce shi ana yada magana, bai fasa zuwa ba. Ni wannan haƙurin ya fi ba ni mamaki.

Da aka tara sabon iri, aka zauna zaɓen mai ajiya. Sai wata tsohuwa, Iya Kande, ta ce, "Ku mayar wa Nomau."

Aka ce, "Haba Iya! Wanda ya kashe na bara?"

Ta ce, "Yoyo dai ba ɗakin da ya fi ƙarfinsa. Amma ku nuna mini wani a nan da zai ɗauko kunyarsa a ka ya kawo mana. Wanda ya ce mana iri ya mutu, ran da ya ce yana da rai sai mu yi barci."

Sai Sarkin Noma da kansa ya ɗora wa Nomau tulun.

'Yan'uwa, amana ba ita ce kada abu ya taɓa lalacewa a hannunka ba, wannan sai Allah. Amana ita ce in ya lalace, ka faɗa tun ana iya gyarawa. Kai mai gyaran mota, ke mai renon ɗan wata, kai da aka bar wa shago, kowa da tulunsa. In naka ya sha danshi, kada ka jira a yafa. Allah Ya ba mu ƙarfin halin faɗa.